Malam-Buɗe-Littafi

Shekara talatin da huɗu na yi ina shaƙar ƙurar alli
a wata sakandare bayan layin dogo, a Agege.
Na zana hanjin kwaɗo a allo har hannuna ya haddace,
na ce haske ba ya kwana, a miƙe yake tafiya,
ku rubuta, zai fito a jarrabawa.

Ranar sallama aka ba ni agogon bango da kular abinci.
Kular na ba maƙwabciya.
Agogon ya zauna yana ƙirga mini zaman banza.

Sai ga Ƙasimu wata Asabar,
yaron da na fi sa wa gwale-gwale saboda surutu,
yanzu yana da shago a kasuwar waya ta Ikeja, har da tumbi.
Ya ajiye kyamara a cinyata.
Ya ce, Malama, ta hannu ce, amma idonta garau,
ki je ki ga abubuwan nan da kika sa muka zana.

Na ji kunya.
Zalɓen da na koyar da ƙashinsa sau ɗari,
ban taɓa tsayawa na ga yadda yake haɗiye kifi ba.

Yanzu asuba ta fari nake fita, kafin gosulo ya farka,
danfo biyu, sannan babur, har bakin ruwan Majidun.
Baba Alani mai kwalekwale yana kira na Mama Tisha.
Hausarsa ta sayen albasa ce, Yarabancina na cefane,
don haka ba ma magana, kuma tsuntsaye sun fi son haka.
Ni da na tsufa ina cewa ku yi shiru,
yau kaguwa ce ke yi mini tsawa da ido ɗaya:
in na motsa, ta koma rami, an tashi darasi.

Garin nan da na ɗauka siminti ne da hayaƙin janareta,
ashe yana da baƙi da ba sa biyan haya.
Balbela a kan juji, fara tas kamar ba ta san inda take ba.
Shirwa tana shawagi bisa kasuwar kifi, tana duba na wa za ta ci.
Kainuwa ta rufe ruwa, ledar fiyawata na tsakiyarta,
ga mazari a kai ya zauna daram,
bai nemi a share masa wuri ba.

Hotuna arba'in nake ɗauka, talatin da tara hazo ne.
Da da jan birona a hannu, da na ba kaina sifiri,
na ƙara da: ki gan ni bayan an tashi.
Gwiwa na ƙara, hannu na rawa,
fansho kuma, Allah dai ya kawo.

Akwai wani akwatin gilashi a ɗakin gwajinmu na da,
malam-buɗe-littafi goma sha biyu, kowanne da allura a ƙirji,
ni na kafe su, ni na rubuta sunayensu na Latin a ƙasa.
Buɗe suke har abada, ba mai karanta komai.

Jiya wani ya sauka a bakin kwalekwale,
fuffuke a rufe, kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.
Na jira. Rana ta hau ƙeyata. Baba Alani ya daina tuƙi.
Ban san sunansa na Latin ba, ban kuma nema ba.
Sai ya buɗe,
shuɗi, da wani baƙi a gefe kamar an ja masa kwalli.
Na danna.

Da dare jikata Rakiya ta leƙa, ta ce, Kaka, ina abin?
Katako ne kawai, da ruwa,
da bakin fuffuke ɗaya yana ficewa ta kusurwa.
Na ce gobe ki kai a wanke mini shi babba.
Na riga na sauke agogon, ƙusar na nan.